KWANA BAKWAI TARE DA ƊALIBAN AZHAR MASU SHIRIN KOMOWA GIDA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a cikin watan Mayu na shekarar 2024 Allah ya nufe mu da komawa birnin Alƙahira na ƙasar Masar, bayan kusan shekara talatin rabonmu da shi. Niyyarmu ta fari ita ce sayen waɗansu littattafai, amma kafin mu tashi sai aka ɗora mana wata amana wadda ta fi littattafan nauyi. Muna da wani amini da muka yi karatun allo tare, ciwo ya kwantar da shi, ɗansa na fari kuwa yana shekarar ƙarshe a Jami'ar Azhar, rabonsa da gida shekara takwas. Ranar da muka je yi masa sallama ya kama hannunmu ya ce, "Malam, ka duba mini yaron nan da idonka. Ka dawo ka gaya mini gaskiya: karatu zai kawo mini, ko kuwa takarda?" Muka ce to, Allah ya ba mu iko. Abin da muka gani a cikin kwana bakwai ɗin nan shi ne za mu bayyana, domin mun san akwai iyaye da yawa masu irin wannan tambaya a zuci.

MASAUKIN ƊALIBAI

Ɗaliban da ke zuwa Azhar daga ƙasashen waje sun kasu gida biyu wajen masauki. Waɗanda suka sami gurbin tallafi suna zaune a Madinatul Bu'us, watau unguwar ɗalibai baƙi da ke Abbasiyya, wadda aka buɗe a 1959 zamanin Shugaba Jamal Abdul Nasir. A can muka zauna lokacin namu karatun, a can kuma girgizar ƙasa ta ranar 12 ga Oktoba 1992 ta same mu, muka fito fili a guje, mutumin Indonesiya da na Senegal da na Kano kowa yana salati da irin lafazinsa. Sauran ɗalibai kuwa, waɗanda iyayensu ke ɗaukar nauyinsu, haya suke kamawa a cikin gari, galibi a Darrasa kusa da masallacin Azhar, ko a Hayyul Ashir cikin Madinatu Nasar.

Ɗan amininmu yana cikin kashi na biyu. Ya tarye mu a filin jirgin sama, muka ga ya yi tsawo ya rame, gemu ya fito, Larabcin Misirawa kuma ya zauna a bakinsa har direban tasi bai sami ƙofar cutarmu ba. Gidansu a hawa na biyar yake, ba na'urar hawa, sai matakala. Su shida ne a ɗaki biyu da falo: uku daga Nijeriya, ɗaya daga Damagaram, ɗaya daga Kumasi, ɗaya daga Njamena, Hausa kuwa ita ce harshen gidan. Huɗu daga cikinsu suna shekarar ƙarshe. Mun nemi mu sauka a otel, suka ce, "Allah gafarta Malam, ai abin kunya ne a gare mu." Suka kwashe littattafai daga kan gado ɗaya suka ba mu.

YADDA YINI KE TAFIYA

Wanda bai zauna da ɗalibi a watan jarrabawarsa ta ƙarshe ba bai san ma'anar ƙarancin lokaci ba. Da an idar da sallar asuba ba mai komawa barci. Kowa ya kama lungunsa da Alƙur'ani, domin hadda tana cikin darussan da ake jarrabawa, da baki da kuma a rubuce, sau da yawa kuma ita ce ke kayar da wanda ya ci sauran darussa. Sai ka ga biyu sun fuskanci juna, wannan ya jawo farkon aya, wancan ya ci gaba, in ya kakare a buɗa masa. Da hantsi ya yi sai wanda ke da aikin ranar ya sauka ya sayo gurasar nan tasu da suke kira aish, da ful, watau dafaffen wake da mai, da ɗa'amiyya, wadda ƙosai ce ba wani abu ba. A haɗa da shayi baƙi mai sukari, an karya ke nan.

Daga nan sai a watse. Mai zuwa Kulliyar Usuluddini ko ta Shari'a ko ta Harshen Larabci ya nufi Darrasa, ya yi kokawar shiga bas cikin zafin da ke fitowa daga sama da ƙasa. Wanda ba shi da lacca ya zauna da littattafan da aka ƙayyade. A lokacin ziyararmu ana ɗauke wutar lantarki na waɗansu sa'o'i kowace rana saboda ƙarancin makamashi, saboda haka in fanka ta tsaya sai su fita matakala da littafi, inda iska ke ɗan ratsawa. Da dare akan yi girki bisa juyi. Mun ci tuwon shinkafa da miyar kuka a tsakiyar Alƙahira, da daddawar da wani baƙo ya kawo tun watannin baya ana tattalinta kamar zinariya. In kuka ta ƙare sai a koma ga mulukiyya, wadda ita ce lalo, ko bamiya, wadda ita ce kuɓewa, a kora da karkade, watau zoɓo. Sa'an nan a koma karatu har talatainin dare.

A bangon falo sun manna takarda mai jadawalin jarrabawa, kowane darasi da ranarsa, wanda aka gama a soke shi da jan biro. Darajojin sakamako kuwa kowa ya haddace su kamar Fatiha: mumtaz, jayyid jiddan, jayyid, maƙbul. Ƙasa da haka sai faɗuwa. Ɗan shekarar ƙarshe da ya faɗi darasi ɗaya ko biyu yakan sami damar sake rubutawa bayan 'yan watanni, wanda ya zarce haka kuwa sai ya maimaita shekara. Maimaita shekara kuma ba karatu kaɗai ba ne: kuɗin haya ne na wata goma sha biyu, da sabunta takardar izinin zama, da waya zuwa gida wadda ba mai son bugawa.

ZANCEN KUƊI

A nan ne muka ga bambanci mai girma tsakanin zamaninmu da nasu. A watan Maris na 2024 fam ɗin Masar ya faɗi a yini ɗaya daga wajen 31 zuwa wajen 50 a kan dala guda, kayan masarufi suka tashi. Naira kuma tun da aka sake ta a watan Yuni na 2023 ta zube daga ɗari huɗu da 'yan kai har ta haura dubu a kan dala. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya koro mutane masu yawa zuwa Alƙahira, kuɗin haya ya hau. Watau dai abin da uba ke aikowa ya ƙanƙance a hanya, abin da ake saya da shi kuma ya kumbura.

A dare na biyu ɗan amininmu ya gaya mana abin da bai gaya wa mahaifinsa ba. Tun da ciwo ya kama tsohon, aike ya yanke. Sai ya shiga aikin da ɗalibanmu da yawa ke yi, watau rakiyar marasa lafiya da ke zuwa Masar neman magani daga ƙasashenmu: ya tarye su, ya nema musu masauki, ya yi musu tafinta gaban likita, ya kwana da su a asibiti. Da wannan ya ci da kansa, har ma yakan aika wani abu gida a ce kyauta ce daga abokai. Amma aikin ya cinye masa shekara guda, ya maimaita aji uku. Ya ce, "Baba, shekarata ashirin da tara. Shekara uku na yi a makarantar share fage kafin a ɗauke ni kulliya. In na sake faɗuwa ban san da wane ido zan dubi gida ba." Muka tambaye shi yaushe rabonsa da zama gaban malami a masallaci. Ya sunkuyar da kai ya ce an fi shekara biyu. Abin da yake yi shi ne ya sayi muzakkira, watau taƙaitattun bayanai da ake bugawa a shagunan kwafi gab da jarrabawa, ya haddace, ya zuba a takarda.

A HARABAR MASALLACI

Kashegari muka ce ya raka mu masallacin. Jauharus Siƙilli, sarkin yaƙin Faɗimiyyawa, shi ya aza harsashinsa a shekara ta 970 Miladiyya, aka fara sallar Juma'a a cikinsa a 972, cikin Ramadan na 361 Hijiriyya. Jami'ar da ake gani yau mai kulliyoyin likita da injiniya da aikin gona dokar 1961 ce ta haife ta, amma asalin Azhar shi ne malami ya jingina da ginshiƙi, almajirai su kewaye shi da littafi. Mun shiga ta Babul Muzayyinina, watau ƙofar wanzamai, inda a da ake yi wa almajirai aski. Muka tarar an gyara masallacin tas a aikin da aka kammala a 2018, farin dutsen tsakar gida yana ɗaukar ido, hasumiyar Sarki Ƙaitabai da ta Sarki Guri mai kai biyu suna nan inda muka bar su. Majalisun karatu ma suna nan, kyauta, ba rajista mai wuya, ba jarrabawa: wannan yana karantar da Alfiyyar Ibnu Malik, wancan yana sharhin hadisi, samari daga Asiya sun cika sahun gaba da alƙalumansu.

Muka gaya wa yaron cewa sawun mutanenmu a wannan birni ba sabo ba ne. Tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka ba da dukiya aka gina makarantar Ibnu Rashiƙ a tsohuwar Alƙahira saboda almajiransu da alhazansu. A cikin masallacin nan kansa akwai ruwaƙi, watau sashen kwanan almajirai, da aka sani da sunan Barnawa. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya aika da wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas. Shaihu Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, a nan Alƙahira ya rasu a 1741 a gidan Shaihu Hasanul Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. Waɗannan mutane da ƙafa da raƙumi suka ratsa Sahara, ba wanda ya ba su takarda mai hatimi, amma ga shi har yau ana ambatonsu.

Daga nan muka bi lungunan bayan masallaci, inda shagunan littattafai suke jere a Darbul Atrak, har muka kai masallacin Shaihu Ahmadud Dardir, wanda ya rasu a 1786, mai littafin Aƙrabul Masalik da malamanmu na Malikiyya ke karantarwa a zaure. Muka sayi kwafi ɗaya, muka zauna a gefe, muka buɗe babin gado muka miƙa masa. Ya karanta shafi guda ba wasali, bai yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya, har zuciyarmu ta yi sanyi. Sai muka ce, "To ɗana, ga wata tsohuwa ta zo, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu da ƙanensa namiji. Gaya mata rabon kowa da Hausa." Ya yi shiru. Ya fara da Larabci, ya tsaya, ya nemi kalmar Hausa ya rasa, ya koma ya lissafa a yatsu. A ƙarshe ya kawo amsa daidai: tumuni ga matar, sulusi biyu ga 'ya'yan, saura ga ƙanen. Amma da tsohuwar gaske ce da ta tashi ba ta fahimci kome ba. Shi da kansa ya gane haka, idonsa ya kawo ruwa.

Ba mu yi masa wannan don tozartawa ba. Mu ma an yi mana. Makon da muka koma gida da shahadarmu, wani tsohon malamin unguwarmu wanda bai taɓa fita ƙasar Hausa ba ya miƙo mana Risala ya ce mu fassara wa almajiransa babin alwala. Gumin da muka yi ran nan ya fi na jarrabawar shekara huɗu.

KWALAYE DA TAKARDU

Alamar ɗan shekarar ƙarshe a gidajen nan ita ce kwali. Kowane lungu ka duba kwalaye ne an ɗaure da igiya an rubuta suna da gari. Tun baje kolin littattafai na Alƙahira, wanda ake yi kowace shekara wajen ƙarshen Janairu, suke tara su: Fathul Bari na Ibnu Hajar, tafsirai, ƙamusoshi, kowanne mujalladi barkatai. Wani ya hana cikinsa nama wata uku don ya sayi littafi ɗaya. Kayan da jirgi ke yarda fasinja ya ɗauka ba su kai ko rubu'in abin da suka tara ba, sai a haɗa kuɗi a aika ta hannun masu jigilar kaya, a yi ta addu'a kada ruwa ya taɓa. Mun yaba da wannan himma ƙwarai, amma mun tuna musu cewa jaki ma yana ɗaukar littattafai.

Bayan sakamako kuma akwai wata tafiyar. Sai an karɓi shahada da takardar darajoji, a kai a buga musu hatimi daga ofis zuwa ofis, a fassara su zuwa Turanci ko Faransanci, kowane mataki da layinsa da kuɗinsa, izinin zama kuwa yana ƙarewa. Ɗan Nijeriya in ya iso gida sai Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta tantance takardunsa kafin ya shiga bautar ƙasa, wadda aka kafa a 1973, wanda kuma ya haura shekara talatin lokacin kammalawa takardar yafewa ake ba shi.

HIRAR DAREN ƘARSHE

A darenmu na ƙarshe suka ajiye littattafai, aka dafa shayi, muka ce kowa ya faɗi abin da ke hana shi barci. Abin mamaki, ba wanda ya ambaci jarrabawa. Na Damagaram ya ce Faransancinsa ya tsufa, aikin gwamnati kuwa da shi ake yi. Na Kumasi ya ce jama'arsu sun haɗa kuɗi sun turo shi, suna jiran limami, shi kuwa bai taɓa hawa mumbari ba. Wani ya ce yana jin labarin albashin malaman Islamiyya, ga ƙanne bakwai suna jiransa, ga maganar aure. Wani kuma ya ce tun yanzu ƙungiyoyi biyu na garinsu sun fara aiko masa da gaisuwa, kowace tana son ya zama takobinta a kan 'yar'uwarta. Ɗan amininmu ya ce, "Ni tsorona ranar da za a yi mini tambaya a gaban mahaifina."

Muka ce musu, samari, wannan tsoro alheri ne, wanda ba ya jin sa shi ne abin tsoro. Jarrabawar da ke kan bango za ta ƙare cikin mako uku, ta gaske kuwa tana jiranku a zauren gida, ba ta da jadawali, ba ta da muzakkira. Watannin da za ku yi kuna jiran hatimi kada ku kashe su a barci da yawon kasuwa. Kowa ya zaɓi ƙaramin littafi ɗaya ya sauke shi gaban malami daga bango zuwa bango. Kowane dare ɗayanku ya fassara wa sauran shafi guda da Hausar da kakarsa za ta gane. In kun koma, ku fara gaida malaman da suka koya muku baƙi da wasali, ku zauna ƙasa a gabansu, domin sun san jama'ar da ku ba ku sani ba. Kada ku yi fatawa a watan farko. Kada ku ji kunyar cewa sai na duba. Kuma ku nemi sana'a ko wani ilmin da za ku ci abinci da shi, domin malamin da cikinsa ke hannun wani, harshensa ma yana can.

KIRA GA NA GIDA

Sauran magana tamu ce mu da ke gida. Mun iya rakiya filin jirgin sama, mun iya walimar dawowa, amma tsakanin biyun sai mu manta. Uban da ya tura ɗansa ya riƙa tambayarsa wane littafi ya sauke, gaban wane malami, ba wane aji yake ba kurum. Masu hali su sani cewa ɗaukar nauyin ɗalibi a shekararsa ta ƙarshe, don ya bar yawon asibiti ya zauna gaban malami, sadaka ce mai gudana. Hukumomi da masu makarantu kuma su tanadi wurin da waɗannan samari za su yi aiki da albashin da zai riƙe mutum. In ba haka ba, mun shuka gero a gonar nesa, mun bar wa tsuntsaye.

Da muka komo muka tafi wurin amininmu. Ya ce, "Malam, me ka gani?" Muka ce, "Mun ga yaro mai amana wanda ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa bai yi ƙara ba. Takarda za ta zo in Allah ya so. Karatu kuwa ya samo mabuɗinsa, ya kuma san bai shiga ɗakin ba tukuna, wanda ya san haka kuwa ba a fid da rai da shi." Tsohon ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ya ishe ni." Bayan wata uku yaron ya bugo waya ya ce ya fita da jayyid, kuma yana zuwa darasin asuba a masallaci, sun kai babin zakka.

Allah ya ba ɗalibanmu ilmi mai amfani, ya komo da su gida lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu cika da imani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.